Zobe, Maƙulli ko Fil: Wace Alamar Saƙa ce ta Dace a Ba Mai Saƙa Kyauta?

Da zarar damina ta ɗauke a Bauchi, iskar hunturu ta fara kaɗawa wajen watan Nuwamba, aiki kan yi wa masu saƙa yawa, domin a lokacin ne ake neman hulunan jarirai da safa da rigunan sanyi da mayafan goyo, kuma kowace uwa tana son a gama nata kafin ranar suna. A irin wannan lokaci, 'yar kyautar da ta fi shiga ran mai saƙa ita ce wadda za ta rage mata wahalar ƙirga, kuma alamar saƙa tana cikin irin waɗannan. Ƙaramin abu ne da ake ratayawa a kan tsinke ko a jikin saƙar, domin ya nuna inda zagaye ya fara, ko inda za a yi ƙari da ragin idanun saƙa, wato 'yan madaukan ulun da ake saƙawa ɗaya bayan ɗaya, ko inda zane zai maimaita kansa. Masu aikin hannu suna ƙawata ta da duwatsu da fata da wuri da azurfa, har nau'o'inta suka yi yawan da mai son bayarwa kan rasa wadda za ta ɗauka, ga shi kuma wadda ta fi ɗaukar ido a kan faranti ba lallai ne ta zama wadda ta fi daɗin aiki a hannu ba.

Kafin a gwada su da juna, ya kamata a san abin da suka zo maye gurbinsa. Da yawa daga cikin iyayenmu masu saƙa ba su taɓa sayen alama ba, guntun zare mai launi daban suke ƙullawa su zura a tsinke, aiki ya ci gaba. Wannan guntun zare ba shi da nauyi, ba ya kama ulu, yana shiga kowane tsinke, idan kuma ya ɓace ba a yi asarar komai ba. Aibinsa shi ne yatsa ba ya jin sa, saboda haka yakan shige a saƙa shi tare da idon saƙa ba a lura ba, musamman da dare idan an ɗauke wuta ana aiki da hasken tocila, ko kuma ana saƙa ana hira. Ke nan alamar da za a bayar kyauta dole ta fi guntun zare ta wannan fuska, wato a ji ta a yatsa tun ido bai kai kanta ba, amma ba tare da ta zo da nauyi ko kaushin da shi zaren ba shi da su ba. Duk wadda ta kasa cika wannan sharaɗi, komai kyanta, za a yi godiya a kanta, a nuna wa baƙi, sannan a adana ta cikin akwati a koma wa guntun zare.

Tambaya ta farko ba ta shafi ado ba ko kaɗan: da me wadda za a ba take saƙa, da tsinke ko da kwarashi? A saƙar tsinke idanu masu yawa ne ke jere a kan tsinken a lokaci guda, alama tana zaune tsakanin ido da ido, idan an iso wurinta sai a zame ta daga tsinken hagu zuwa na dama a wuce. Don haka rufaffen zobe, wanda ba ya buɗewa, yana yi wa mai tsinke aiki sarai. A saƙar kwarashi kuwa ido ɗaya ne kawai ke kan ƙugiya, sauran an riga an rufe su, saboda haka babu inda zobe zai zauna sai a jikin saƙar kanta, kuma rufaffen zobe idan ya shiga nan ba zai fita ba sai an yanke shi ko an warware aikin. Mai kwarashi tana bukatar alamar da ke buɗewa, a maƙala ta a idon farko na zagaye, a cire ta idan an zagayo, a sake maƙalawa a sabon idon. Masu riƙe kwarashi a unguwanninmu ba kaɗan ba ne, da yawa ma suna haɗa biyun, su yi jikin riga da tsinke su yi mata baki da kwarashi, shi ya sa wannan tambaya ba abar tsallakewa ba ce.

Gano amsar ba tare da an tona asirin kyautar ba abu ne mai sauƙi. Idan babba ce, ya isa a ɗauki wata hula da ta gama a ce, “Goggo, wannan da tsinke kuka yi ta ko da kwarashi, kuma lamba nawa?” Mai saƙa ba ta gajiya da irin wannan tambaya, hasali ma takan jawo jakar aikinta ta zazzage a kan tabarma, a nan sai a ga kaurin tsinkayenta, da irin ulun da take saye, da ko akwai tsinke mai igiya na saƙar zagaye a cikinsu. Idan tsara ce, aron tsinkenta na yini ɗaya ya wadatar. Idan kuwa tana nesa, tana Azare ko Gombe, kuma babu halin bincike, to shawarar a taƙaice take: a zaɓi mai buɗewa, domin ita tana yi wa mai kwarashi aiki, tana kuma iya hawa tsinke idan bakinta ya isa, alhali rufaffen zobe ɓangare ɗaya kawai yake yi wa amfani.

Lambar tsinke tana da muhimmanci saboda faɗin zoben. Kayan jarirai yawanci da tsinke mai kaurin milimita 3 zuwa 4 ake saƙa su, rigunan sanyin manya da ulu mai kauri kuwa sukan kai milimita 5 ko 6, har zuwa 8. Tsofaffin tsinkayen da ke ɗauke da lambar Ingila suna da abin lura, domin a wannan tsari lamba tana hawa ne kauri yana sauka: lamba 10 milimita 3.25 ce, lamba 8 milimita 4, lamba 6 kuma milimita 5. Wadda ta ji Goggo ta ce lamba 10 ta je ta sa aka yi mata manyan zobba, ta yi aikin baya. Abin da ake so shi ne cikin zoben ya ɗara kaurin tsinke da kamar milimita 1 zuwa 2, yadda zai zame ba tare da turjiya ba. Idan ya matse, za a riƙa tsayawa ana tura shi da farce a kowane layi. Idan ya yi faɗi da yawa a kan siririn tsinke, yakan buɗa tsakanin idanu biyun da ke gefensa, har a ga wata 'yar hanya ta miƙe a jikin saƙar daga ƙasa zuwa sama, wadda wanki ba kullum yake ɓatar da ita ba. Kaurin ƙarfen zoben ma haka yake yi, saboda haka siriri ya fi.

A cikin rufaffun zobba akwai iri uku da ake yawan samu a hannun masu haɗa sarƙa da 'yan kunne, kuma bambancinsu ya cancanci a tsaya a kansa. Na farko shi ne ɗan zoben da ake haɗa sarƙa da shi, wanda waya ce aka lanƙwasa bakinta biyu suka haɗu ba tare da an like su ba. Shi ya fi araha, shi ya fi sauƙin haɗawa, shi ne kuma ya fi ɓarna. A ɗaga shi a hasken rana a duba mahaɗarsa, za a ga ɗan tsagi kamar faɗin gashi. Ulun da ake sayarwa a kasuwanninmu galibi ba gashin tumaki ba ne, zaren akirilik ne da aka murɗa daga silili uku ko huɗu, kuma silili ɗaya ya isa ya faɗa cikin wannan tsagi. Mai saƙa za ta ja, zaren ya tsage, wani ɗan gashi ya miƙe a gaban farar rigar jariri, a daidai inda ido zai fara sauka. Irin wannan alama, ko da an rataya mata dutse mai tsada, kyan ɗan maciji gare ta. Wasu masu haɗawa suna magance matsalar ta hanyar zura ƙaramin dutse a zoben, su ɗiga gam a mahaɗar, su jawo dutsen ya rufe ta. Dabara ce mai kyau, kuma alamar da aka yi haka ba ta da abin lilo da zai shiga cikin aiki, sai dai ƙarfinta yana ga ingancin gam ɗin.

Na biyu shi ne zoben da maƙeri ya like bakinsa da wuta ya goge, har ba a gane inda mahaɗar take. Wannan ba ya kama zare ko kaɗan, kuma yana iya shekaru a hannu. Na uku ba zobe ba ne a zahiri, madauki ne na siririyar wayar ƙarfe mai rufin roba, irin wadda ake zura duwatsun sarƙar wuya a kanta. Ana yanko kamar santimita 8, a ninka ta biyu, a zura bakunan biyu tare cikin duwatsu biyu ko uku, a sa ɗan ƙarfen matsewa a ƙasa a danne shi da filaya, a datse ragowar. Abin da ya rage a sama madauki ne mai laushi wanda ba shi da mahaɗa, yana lanƙwasa ya bi hannu, kuma saboda siririntarsa ba ya buɗa idanu. A ganina wannan ya fi sauran biyun dacewa da kyauta idan aka haɗa araha da daɗin aiki, da sharaɗi ɗaya: a shafa ƙasansa da yatsa, domin idan ba a datse bakin wayar daidai ba, ko ba a ɓoye shi cikin dutse ba, tsinin da ya rage zai yi ɓarnar da tsagin zoben farko yake yi, har ya ƙara da sukar yatsa.

Masu buɗewa su ma ba ɗaya ba ne. Maƙullin sarƙar wuya, mai ɗan harshen da ake ja da farce, shi ne aka fi ƙawatawa, kuma yana riƙe ido da kyau ba ya faɗuwa. Amma ƙananansa bakinsu bai cika ɗaukar ulu mai kauri ba, sannan buɗe shi yana bukatar farce da ido mai kyau, abin da zai wahalar da dattijuwa ko wadda sanyi ya busar wa yatsu. Idan shi za a saya, a nemi mai tsawon milimita 12 zuwa sama. Maƙullin ɗan kunne mai ɗagawa ta baya ya fi shi sauƙin buɗewa da hannu ɗaya, kuma tsininsa yana shiga ido ba tare da ya tsaga zare ba, shi ya sa masu kwarashi da ke matsar da alama a kowane zagaye suka fi jin daɗinsa. Akwai kuma siririn fil mai siffar gora, irin wanda ake rataya takardar farashi da shi a jikin sababbin tufafi. Ba shi da murɗaɗɗiyar waya a gindi irin ta fil mai kulle da muka saba da shi, wadda ita ce ke cin zare, ba shi da nauyi, yana hawa siririn tsinke, yana kuma maƙaluwa a jikin saƙa. Shi kaɗai ba ya kama da kyauta, amma da an zura masa ƙananan duwatsu biyu masu launi sai ya zama abin nunawa. Rauninsa shi ne na baƙin ƙarfe ne mai fenti a mafi yawan lokuta, kuma aikin da aka ajiye da shi a jiki tun ƙarshen sanyi har ruwan Agusta ya wuce yana iya fitowa da ɗigon tsatsa wanda ba ya fita daga farin ulu cikin sauƙi.

Sai a zo kan adon kansa, inda mafi yawan masu saye suke farawa, alhali a nan ya kamata su ƙare. Abin da ke raba kayan ado a wannan aiki shi ne nauyi, kuma ido ba ya iya auna shi daidai. Dutse mai faɗin milimita 8 bai tsaya a ninki biyu na mai milimita 4 ba, ninki 8 yake yi a nauyi idan kayansu ɗaya ne, sannan na gilashi ya kai kusan ninki biyu na na roba mai girmansa. Alama ɗaya mai nauyi ba ta da wata illa, amma idan aka jera guda 10 a kan tsinke ɗaya, wuyan hannu zai sani kafin la'asar, kuma idan a jikin saƙa aka rataya su, sukan ja idon da suke kai har ya fi 'yan uwansa tsawo. Ƙananan duwatsun gilashi na milimita 3 zuwa 4, waɗanda masu sayar da kayan ɗinki da na kwalliya a kasuwar Wunti da babbar kasuwa suke aunawa, su ne suka fi daidaita tsakanin kyau da sauƙi. Abin dubawa a jikinsu shi ne ko launin na cikin gilashin ne ko fenti ne aka shafa a sama. A lokacin hunturu hannun kowa yana shan mai, ko basilin ko man kaɗe, kuma mai da gumi suna cinye fentin sama cikin ɗan lokaci, dutsen ya koma fari fat, wani lokaci ma launin ya sauka a kan ulu. A leƙa bakin hujin dutsen: idan launin can ya bambanta da na waje, fenti ne.

Duwatsun Bida, waɗanda masaga suke narkar da kwalba su ƙera da hannu, suna da kwarjinin da na kamfani ba su da shi, domin babu biyu da suke zama iri ɗaya sak, kuma wadda aka ba za ta san an nemo mata abu ne na musamman. Sai dai yawancinsu manya ne, kuma bakin hujinsu yakan zo da kaushi. Haka tsakiya da murjani, haka wuri, wanda ban da nauyi yana da haƙora a bakinsa da ke riƙe gashin ulu. Ba na cewa a guje su, wurinsu ne ya kamata a sani. A saƙar zagaye, kamar hula ko safa, akwai alama ɗaya da ta fi sauran daraja, ita ce ta farkon zagaye, kuma dole ta bambanta da sauran yadda ba za a taɓa rikita ta da alamar ragi ba. A nan ne dutsen Bida guda ɗaya, ko ƙaramin wuri da aka goge bakinsa, yake samun aikin da ya dace da shi. Kyautar da aka tara adonta a kan wannan guda ɗaya, aka bar sauran sirara marasa nauyi, ta fi wadda kowace alama a cikinta take gasar girma da 'yar uwarta.

Fata tana da nata masoya, kuma da dalili. Jar fatar akuya da dukawa suke aiki da ita ba ta da nauyi, ba ta ƙara idan ta bugi tsinke, kuma baduku zai iya yanka ta ƙanana ya buga mata zane ko lamba, abin da ke da amfani ga mai son sanin layi na nawa take. Amma jan launin gargajiya, wanda ake samu daga karan dafi, da sauran rinin da ake yi wa fata, suna iya zuba idan sun haɗu da danshi. Kafin a saya, a jiƙa farin ƙyalle kaɗan a goga a jikinta, idan ya ɗauko launi to ba ta dace da mai saƙa fararen kayan jarirai ba. Gefen yankan ma sai an goge shi, in ba haka ba yana kama gashin zare. Zai fi kyau fatar ta zama abin lilo a ƙasa, zoben da ke hawa tsinke ya zama na ƙarfe, domin madaukin fata ba ya zamewa a kan tsinke yadda ake so.

Ƙarfe kuwa maganarsa gajeriya ce. Azurfa ta fi kowanne daraja, maƙerin fari zai iya yin siraran zobba likakku da ita, kuma ko ta dushe gogewa ɗaya take bukata. Mai lamba 925 ita ce wadda kashi 92.5 cikin 100 nata azurfa ce. Tagulla tana da kyau da araha, amma tana yin kore idan ta sha gumi ta zauna. Alminiyam nauyinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na tagulla ba, ba ya tsatsa, sai dai yana lanƙwashewa idan aka taka shi. Wanda ya fi zama abin tsoro shi ne ƙarfe mai ruwan gwal na araha, wanda rufinsa ke ɓarewa, kuma wadda 'yan kunnen kasuwa suke sa wa ƙaiƙayi tana iya samun haka a yatsunta.

Akwai kuma 'yan siffofin da ake murzawa da yumɓun roba, irin su Fimo, wanda ake gasawa a zafin digiri 110 na ma'aunin Celsius na tsawon minti 30. Da shi ake yin ƙaramin ƙullin ulu, ko yankan kankana, ko fure, kuma 'yan mata masu koyon saƙa suna son su ƙwarai. Ba su da nauyi sosai, launinsu kuma na ciki ne, ba ya gogewa. Inda suke ba da kunya shi ne wurin da ɗan ƙarfen ratayawa ya shiga jikinsu, domin idan miƙaƙƙe aka soka ba a lanƙwasa bakinsa a ciki ba, ja kaɗan zai zare shi. Wanda bai gasu sosai ba kuma yana karyewa, shi ya sa mai yin su take bukatar abin gashi da ake iya daidaita zafinsa. Siffa mai dunƙule ta fi mai kunnuwa da ƙafafu da ganye, saboda duk abin da ya yi tsini zai sami zaren da zai kama.

A nan akwai abubuwa biyu da suka shafi gidajenmu waɗanda ba a cika ambata ba. Na ɗaya, ba kowace mai saƙa ce take son siffar abu mai rai ba, ko da 'yar tunkiya ce da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, don haka idan kyautar ta Malama ce ko ta Hajiya, fure ko tauraro ko dutse kawai ya fi kwanciyar hankali. Haka nan kada a sa a rubuta sunan Allah ko wata aya a jikin alama da nufin albarka, domin abu ne da ke faɗuwa ƙasa kullum, ana share shi da tsintsiya. Na biyu, gidan mai saƙar kayan jarirai bai cika rabuwa da yara masu rarrafe ba, kuma alama mai kama da alewa ko yankan kankana kiran yaro take yi ya kai ta baki ko ya tura ta a hanci. Ga mai goyo, gara alamar da adonta yake like a jikin zobe, ba mai ƙananan duwatsun da za su watse idan waya ta tsinke ba, kuma a haɗa mata da abin ajiya mai murfin da yaro ba zai iya buɗewa ba.

Yawan da za a bayar ya danganta da irin aikinta. Mai hula da safa guda 5 ko 6 sun ishe ta. Rigar sanyin da ake farawa daga wuya a sauko tana da layukan ƙari 4, biyu a gaba biyu a baya, inda hannuwa suke rabuwa da jiki, saboda haka tana cin alama 4, ko 8 idan ana sa ɗaya a kowane gefen layi, ban da ta farkon zagaye. Mai saƙa mayafi mai huji-huji, wadda zanenta ke maimaituwa sau da yawa a layi ɗaya, tana iya bukatar 15 ko 20, kuma ita ce ta fi kowa bukatar sirara, domin zarenta siriri ne, kuma abin lilo yana shiga cikin hujin ya sarƙe. Launi ma aiki yake yi: idan aka ba da 4 ja, 4 shuɗi, da babba guda ɗaya, mai saƙa za ta iya ware ja ga ƙari, shuɗi ga zane, ba sai ta tsaya tunani ba. Kuma tun da kayan jarirai farare ne ko ruwan hoda ko ruwan sararin sama, alama mai duhun launi ta fi fitowa a kansu fiye da mai haske, duk da cewa mai hasken ta fi kyau a cikin leda.

Tsakanin a yi da hannu da a ba da aiki, wadda ta iya riƙe filaya za ta gama madaukan waya guda 10 a zama ɗaya, kuma kyautar da ta fito daga hannun ƙawa tana da wani matsayi dabam. Wadda ba ta iya ba, ta kai wa mai haɗa sarƙa ko maƙerin fari, amma ta tafi da tsinken a hannu, domin su ba saƙa suke yi ba, kuma idan aka bar su da son ransu za su yi abin da ya dace da kunne ne, mai tsawo mai walƙiya. A gaya musu tsawon alamar gaba ɗaya kada ya wuce santimita 3, kuma kada a bar baki ko tsini a ko'ina. Idan an karɓo, gwajin da ya fi kowanne tona asiri shi ne a ja kowace alama a kan tsohon gyale mai santsi ko siririyar safa, gaba da baya. Wadda ta kama gyale za ta kama ulu, a mayar da ita a gyara tun kafin ta bar hannu.

Mai keken saƙa ita ce wadda aka fi mantawa da ita a wannan lissafi. Idanunta a kan alluran keke suke, ba a kan tsinke ba, don haka zobe ba shi da inda zai hau, kuma duk abin da ya yi lilo kusa da alluran yana iya shiga ƙarƙashin abin da take turawa ya tsayar da aiki ko ya lanƙwasa allura. Abin da zai amfane ta shi ne siraran fil masu siffar gora, waɗanda za ta maƙala a gefen saƙar bayan ta sauko, domin ta gane inda hannun riga zai fara idan ta zo haɗawa. Ita da mai koyo, wadda ba ta riga ta tsaya a kan tsinke ko kwarashi ba, kyautarsu kusan ɗaya ce: fil masu duwatsu guda 10 da maƙullin ɗan kunne guda 2, a cikin ƙaramin gwangwani mai murfin murɗawa, a shimfiɗa ɗan ƙyalle a ƙasansa don kada duwatsun su riƙa bugun ƙarfe suna ƙwarzanewa a cikin jaka.